Wata 18 da na'urar kulorin ta gishiri a tafkin gidana

Babbar Sallar da ta kai ni ga sayen wannan na'ura, kwana 9 muka yi a Katsina. Yaron da na bar wa amanar zuba garin kulorin ya zuba kwana biyu, sauran kwanakin Allah ne masani. Da muka dawo Kano na leƙa bayan gida, ruwa ya koma kore shar kamar miyar kuka, ko matakalar farko ba a gani. Tafkin ba wani babba ba ne, mita 8 tsawo, 4 faɗi, zurfinsa idan aka daidaita mita 1.4, wato lita 45,000 ko kusa da haka. Amma sai da na yi mako guda ina fama da gansakuka kafin yara su sake shiga. Dama na gaji da durom ɗin kulorin da ke sito, wanda tururinsa ya cinye min ƙofar ƙarfe har ta huje.

Na shiga neman na'urar da kuskuren da mutane da yawa ke yi: na ɗauka gishiri ne zai maye gurbin kulorin. Ashe kulorin ɗin ne dai, sai dai yanzu a gida ake haɗa shi. Ana narka gishiri a ruwan tafkin, ruwan ya bi ta wani bututu mai garai-garai da masu aikin ke kira sel, a cikinsa akwai faranti na ƙarfen titaniyom da aka shafe da wani ƙarfe mai tsada. Wutar lantarki maras ƙarfi tana bi ta farantin ta raba gishirin, kulorin ya fito ya kashe ƙwayoyin cuta, daga baya ya sake komawa gishiri. Gishirin kuma ba shi da yawa. Littafin tawa ya nemi giram 3.5 a kowace lita, alhali ruwan teku yana da wajen giram 35, hawayen mutum ma ya kai 9. Autata da ta ɗanɗana cewa ta yi kamar ruwan da aka wanke cokalin miya a ciki.

Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓen girman na'urar, kuma a nan na kusa zubar da kuɗina. Mai shagon da na fara zuwa ya ɗauko min wata, ya nuna min jikin kwalin da yatsa. "Alhaji, ka ga an rubuta har lita 60,000. Naka 45,000 ne, ai har da canji." Magana ta yi ma'ana, farashin ma ya yi daɗi. Abin da ya cece ni shi ne na ce bari na je na dawo, da daddare na zauna da biro da takarda.

Lambar da ke gaban kwali ba ita ce abin dubawa ba. Akwai wata ƙarama a gefe ko cikin littafin, wadda ke faɗin giram nawa na kulorin na'urar ke haɗawa a awa ɗaya. Waccan da ya nuna min giram 15 ce. Ni kuma daga abin da na saba zubawa na san tafkina a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura 40, yana cin wajen miligiram 3 a kowace lita kullum. Ka ninka da 45,000, ka samu giram 135 a yini. Na'ura mai giram 15 sai ta yi awa 9 cur tana aiki da dukkan ƙarfinta kafin ta biya wannan bashin, kuma ba ta aiki sai famfon tafkin yana juya ruwa. To wa zai ba ni awa 9 na wuta kullum babu yankewa? Ni sola nake dogaro da ita, kuma famfon doki ɗaya ba na barinsa a kan batir. Daga tara da rabi na safe zuwa uku da rabi, awa 6 ke nan, su ne nawa na haƙiƙa. Waɗanda suka rubuta lita 60,000 sun yi lissafinsu ne da ƙasar da rana ba ta kai tamu ba, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Na Amurka ma haka suke, irin na kamfanonin Hayward da Pentair: sel ɗinsu ta galan 40,000 tana ba da wajen giram 650 ne a yini, amma idan ta kwana ta wuni tana aiki awa 24.

Sai na sayi mai giram 25 a awa, wadda kwalinta ya ambaci kusan ninkin tafkina. A tsakiyar bazara awa 5 da rabi ta gama aikinta, sauran watanni kuma ina rage ta zuwa kashi 60 ko 70. Akwai riba ta biyu a nan: shafen da ke jikin farantin yana cinyewa ne da yawan awannin aiki, don haka babba da ke tafiya a hankali ta fi ƙarama da ke gudu kullum daɗewa. Bambancin kuɗin ya yi min zafi ranar, ban ƙara tunawa da shi ba tun daga nan.

Gishirin kansa ya ba ni 'yar wahala. Na girki da ke kasuwa an sa masa aidin bisa doka, wani kuma har da sinadarin hana dunƙulewa, wanda kan bar tabo a jikin tayil. Wani abokina har ya kawo shawarar kantun Balma, wai ai shi ne gishiri na asali. Na ce masa wannan a bar wa shanu da masu miya, ƙasa da kanwar da ke cikinsa kaɗai sun isa su toshe min matatar ruwa. Abin da ake so shi ne tsantsar gishiri, kashi 99 zuwa sama, na samu wajen masu sayar da kayan tace ruwa a buhu mai kilo 25. Kafin na zuba na auna ruwan, sai na tarar akwai giram 0.4 a lita tun daga tsohon kulorin da nake zubawa. Na zuba buhu 5, na share shi da buroshi har ya narke, na bar famfo yana juyawa yini guda sel tana a kashe, na sake aunawa, sannan na ƙara rabin buhu. Gara a zuba kaɗan a ƙara, domin idan ya yi yawa babu yadda za a fitar da shi sai an zubar da ruwa.

Ranar kafawa mai aikin famfo ya yi daidai wajen ɗora sel a ƙarshen layi, bayan matata, a bututun da ke mayar da ruwa tafki, don kada kulorin mai kauri ya riƙa bi ta cikin famfo. Sai dai bututun gidana na milimita 50 ne, bakin na'urar kuma na inci ɗaya da rabi, wanda ke wajen milimita 48. Da ido kamar ɗaya suke. Ya so ya gasa bututun da wuta ya cusa, na hana, muka ɓata kwana biyu ana neman mahaɗin da ya dace. Duk wanda zai yi oda daga waje ya duba wannan, ya kuma tabbatar tana cin wuta 220 zuwa 240 irin tamu.

Mai wayarin ne ya ba ni tsoro. Ya ja wa akwatin na'urar layinta daban, ba tare da famfo ba. Na lura ne wata rana da aka kashe famfo amma fitilun akwatin suna nan a kunne. Sel idan tana aiki tana fitar da iskar haidurojin, ruwa mai gudu ne ke tafiya da ita. Idan ruwa ya tsaya ita kuma ta ci gaba, iskar na taruwa a bututu har ta iya fasa shi. Akwai ɗan makunni da ke jin gudun ruwa ya katse ta, kuma ya yi aikinsa ranar, amma ba abin da za a jingina rayuwar gida a kansa shi kaɗai ba ne. Na kira shi. "Ranka ya daɗe, ai na ga tana da nata hankalin." Na ce hankalinta ɗaya ne, ni biyu nake so. Ya dawo ya haɗa su a makunni guda, famfo na tsayawa ita ma ta mutu, ya ƙara wayar ƙasa da abin kare ta daga wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke.

Wata biyu da fara aiki ruwa ya fara yin hazo-hazo alhali na'urar na kan kashi 100. Na riga na fara zagin kamfanin a raina. Ashe laifin ba nata ba ne. Rana tana ƙone kulorin da ba shi da kariya cikin 'yan awanni, ni kuma da tsakar rana nake haɗa nawa. Kariyar ita ce sayanurik asid, wanda a da yake shigowa cikin ƙwayoyin kulorin da nake jefawa lokaci-lokaci ba tare da na sani ba. Da na daina, damina ta wanke ragowar. Na zuba kilo biyu da rabi a cikin tsohuwar safa na rataye a bakin da ke jan ruwa, ya kai wajen miligiram 60 a lita, cikin kwana huɗu ruwa ya washe har na rage na'urar. Babu mai shagon da ya ambata min wannan.

Abin da ba na so game da ita, kuma ban ga maganinsa ba, shi ne yadda pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ke hawa kullum. Ana son ya zauna tsakanin 7.2 da 7.6, amma duk mako sai na zuba asid. Ruwan burtsatsena kuma yana da alli, don haka farin ɓawo na taruwa a farantin duk da na'urar tana juya wutarta da kanta don ta kakkaɓe shi. Duk wata uku ina kwance sel na jiƙa ta minti goma a ruwa kashi 4 da asid kashi 1. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, kuma ba a kankare farantin da wuƙa. Da hunturu, ruwa ya yi sanyi, ta taɓa kunna min fitilar ƙarancin gishiri. Da na auna da abin gwaji na hannu gishiri na nan lafiya, sanyi da ɓawo ne suka ruɗe ta. Gishiri ba ya bin tururi ya tafi, yana raguwa ne idan an wanke matata ko ruwan Agusta ya cika tafki ya malala, buhu biyu na ƙara a shekarar farko. Ƙusoshin tsanin ƙarfe sun fara tsatsa a wata na goma, na canza su da masu lamba 316, wato na ƙarfe mai jure tsatsa. Ita kanta sel ɗin, masu ƙera irinta suna ba ta shekara 3 zuwa 7, kuma kuɗin sabuwa ba ƙarami ba ne. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, na fara ajiye mata nata a gefe.

Ban yarda da masu cewa ta fi araha ba, a lissafina kusan kunnen doki ne idan aka haɗa da kuɗin sel. Abin da na samu shi ne idon yara ya daina ja, warin nan mai hawa kai ya tafi, sito kuma ya koma wurin ajiye kekuna. Sallar da ta wuce mun sake tafiya, kwana 11 wannan karon, na bar famfo a kan agogon da ke kunna shi da kansa. Muna sauke kaya na zagaya baya da tsinken gwaji a hannu. Ana hango layin tayil na ƙasa tar, ganyen darbejiya ne kawai ya taru a kusurwa. pH ya haura 8, na auna kofi biyu na asid na zuba, na ce wa yaran su haƙura sai bayan la'asar.