Sharhi kan maɗaurin auna bugun zuciya da muke ɗaura wa ɗalibai 'yan wasa a Sakkwato

Ni malamin wasanni ne a wata makarantar sakandare da ke cikin birnin Sakkwato, kuma tun zangon karatun da ya gabata muke amfani da maɗaurin ƙirji mai auna bugun zuciya wajen horar da 'yan gudu da 'yan ƙwallo. Ana ɗaura shi ne a ƙarƙashin riga, yana ɗauke da 'yar na'ura wadda ba ta kai akwatin ashana ba, ita ce ke karanta lantarkin da zuciya ke fitarwa, ta aika da lissafin zuwa waya ta hanyar Bluetooth.

Da bazara ne na ga amfaninsa sosai. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan kan haura digiri 40, kuma yaranmu an raine su da dauriya, ta yadda da wuya ɗalibi ya buɗe baki ya ce "Malam, na gaji" a gaban tsararsa. To amma idan zafi ya tsananta, jiki kan karkatar da jini zuwa fata domin ya huce, gumi kuma ya rage ruwan jiki, sai zuciya ta ƙara sauri ko da gudun bai ƙaru ba. Wannan hauhawar nake gani a fuskar waya tun kafin ta bayyana a fuskar yaro. Manhajar tana ƙiyasta iyakar bugun ta hanyar cire shekaru daga 220, wato 204 ga ɗan shekara 16, sai dai kirdado ne kawai, domin yara sun sha bamban. Na fi dogara da yadda bugun ke sauka cikin minti ɗaya bayan an tsaya; wanda nasa ya ƙi sauka, inuwa nake tura shi ya sha ruwa. Da wannan hujjar ce hukumar makaranta ta amince aka mayar da atisaye mai nauyi zuwa sanyin safiya.

Hunturu kuwa ya ba mu wahala. Na'urar tana bukatar danshi tsakaninta da fata, don haka idan iska ta busar da jiki sai lambobin su riƙa tsalle babu dalili, har sai an jiƙa cikin maɗaurin da ruwa. Haka nan saƙon yakan yanke idan ɗan wasa ya yi nisa zuwa ɗaya gefen fili, kuma ba ta auna zafin jiki, wanda shi ne babbar barazana a wurinmu.

Wajibi ne a nemi yardar iyaye tukuna, kuma malama ce ke taimaka wa 'yan mata su ɗaura nasu a keɓe. Makarantar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba za ta iya sayen kaɗan a riƙa karɓa-karɓa, muddin za a wanke maɗaurin bayan kowane atisaye, a kuma tanadi ƙaramin batirinsa mai siffar kwabo kafin na ciki ya mutu.