Man kifi na status da na kemis, wanne za a saya ma Baba?

Hajiya, na ga hotunan robobin nan biyu da kika turo kina tambayar wanda ya fi inganci, na status ɗin WhatsApp da aka ce daga Amurka aka kawo, da wanda kika gani a kemis wajen Ƙofar Ƙaura.

Ni bayansu na fara dubawa. A gaba duka biyun an rubuta 1000mg da manyan baƙi, to wannan nauyin man da ke cikin kafso ne gaba ɗaya, abin da ake nema a ciki EPA da DHA ne, su ne omega-3, wato kitse mai amfanin da ake shan man dominshi. Na kemis ya sa EPA 180, DHA 120 a kafso guda, 300 kenan, kuma dama haka man kifi na gama-gari yake, bai yi maki ƙarya ba. Na status ya sa 600, sai ki ce ai ya ninka, amma ki ɗan duba sama da ƙananan baƙi, lissafin kafso biyu suka yi. Kunnen doki kenan, sai dai shi kuɗinshi ya fi zafi.

Su "pharmaceutical grade" da "ultra pure" da suka cika robar da su kuwa, kowa na iya buga wannan. Ko a can Amurka FDA, hukumar abinci da magungunansu, ba ta tantance irin waɗannan kafin su shiga kasuwa yadda take yi ma magani, kuma man da yawa ma daga ƙananan kifin tekun Peru ake tatso shi. Abin da zai sa in yarda da maganar tsafta shi ne tambarin masu gwaji na waje kamar IFOS ko USP, duka biyun kuma babu. Amma na kemis shina da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ɗayan ko lamba ban gani ba.

Sai maganar wai shina hana ciwon zuciya. An yi wani babban bincike a Amurka, VITAL, ya fito 2018, mutum sama da 25,000, masu shan giram ɗaya kullum wajen shekara biyar ba a ga ya rage masu manyan matsalolin zuciya a dunƙule ba. Shina sauke kitsen jini da ake ce ma tiraigilisarai, amma da yawan da likita ne ke rubutawa.

Abin da ya fi damuna ma zafi ne. Man kifi ba ya shiri da rana, kin kuma san Afrilun Katsina. Na taɓa saye wajen wani mai kawo kaya, kullum gyatsa kamar na haɗiyi ruɓaɓɓen kifi, da na tsaga guda da reza wallahi ƙarnin har hawa kai yake. Na status ɗin ki lura an sa mashi ƙamshin lemun tsami, wannan na iya rufe warin ko da man ya lalace.

Ni dai na kemis zan ɗauka, a ajiye shi a firij ko ɗakin da ya fi sanyi. In Baba na shan warfarin ko asfirin na tsinka jini a fara tambayar likitanshi tukuna. In kuma shina cin titus ko sadin sau biyu a sati to ba dole ba ne ma. Ki sake turo man lambar NAFDAC ɗin in duba a Greenbook, shafin NAFDAC na kayan da suka yi ma rajista, hoton ya yi duhu ta wajen.