Shagon POS na bakin tasharmu, a idon matar soja

Shekara uku ke nan maigidana yana jihar Borno ƙarƙashin rundunar Haɗin Kai, wadda aka sauya wa suna daga Lafiya Dole a shekarar 2021, ni kuwa ina zaune da 'ya'ya huɗu a gidan surukaina, a wani ƙauye da ke kan hanyar Gwarzo, gaba da Rimin Gado. Matar sojan da ke cikin bariki, ko Bukavu ko Janguza, tana da magajiya, wato shugabar matan bariki, da za ta kai wa kuka, tana da ƙungiyar matan sojoji ta NASWA, ga asibiti da makarantar yara a kusa. Mu na ƙauye, abin da ya maye mana gurbin waɗannan duka shi ne wani ɗan shagon POS da kwamfuta da ke bakin tasha.

A nan nake cirar kuɗin cefane idan albashi ya shiga, a nan ake yi mini hoton takardu, a nan kuma nake cajin waya, domin shagon yana da sola. Amma abin da ya fi ɗaga darajarsa a wurina shi ne sanin takarda. Lokacin da na haifi auta, mai shagon ne ya ce mini: "Hajiya, kada ki bari takardar haihuwarsa ta yi jinkiri, kuma ki duba ko sunanki na NIN ya yi daidai da na BVN." Da muka duba, ashe harafi ɗaya ya bambanta, irin kuskuren da kan tsayar da haƙƙin mace a ranar da ta fi bukatarsa. Shi ne kuma ya haɗa ni da wasu matan sojoji biyar daga ƙauyukan kewaye, waɗanda ban taɓa sanin da zamansu ba, muka kafa adashi. Kwasata ta farko ce ta biya kuɗin makarantar babbar 'yata.

Sai dai shagon yana da aibi, kuma ba ƙarami ba. Babu sirri ko kaɗan. Benci ɗaya ne, kullum cike da 'yan acaɓa da masu jiran mota, yaron shagon kuwa yakan ɗaga murya ya faɗi adadin kuɗin da mace ta cira. Kafin in isa gida labari ya riga ni, masu neman rance sun fara sallama, domin a tunanin mutanen ƙauye matar soja ba ta rasa kuɗi. Na yi masa magana sau biyu, ya ce in yi haƙuri, amma bai daina ba. A lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ma mai shagon ya tsawwala cajin cirar kuɗi kamar kowa, ko da yake ya ɗaga wa surukata ƙafa saboda tsufanta.

Ina ba matan sojoji na yankinmu shawarar su je, amma da hantsi, bayan motocin Kano sun tashi, kuma su rubuta adadin a takarda su miƙa masa. Ni haka nake yi tun bara.