Mai foton bayan babbar kasuwar Garwa ya iya aiki, sai dai ku duba kafin ya buga

Jama'a sallama. Ni ina koyar da yara balo da yamma kusa da filin Rumde Adjiya, kuma matsalata kullum ɗaya ce, yaro da ya iya yanka biyu sai ya ce shi ya gama da lekol, wato makaranta, ƙungiyar balo ta Coton Sport zai je. To shi ne na ce bari in rataya musu hotuna a ɗakin da muke ajiye kaya, na je wani ƙaramin shago bayan babbar kasuwa da ke wanke foto yana sa wa gilashi.

Biyu na kai masa a waya, na Issa Hayatou ɗan garinmu da ya koyar da wasanni kafin ya riƙe CAF, hukumar balo ta Afirka, daga 1988 har 2017, sai na William Henry Lewis, wanda na san yaran ba su taɓa jin sunansa ba. Baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi 1868 a Bajiniya, iyayensa bayi ne da aka 'yanta, ya buga ƙwallon jami'a a Amherst sannan ya wuce Harvard karatun lauya yana karatu yana wasa, a 1892 aka sa shi cikin gwanayen 'yan wasan jami'o'in ƙasar baki ɗaya kuma shi ne baƙi na farko da ya samu haka, bayan nan ya yi shekara 12 yana koci a Harvard ɗin, ƙarshe shugaban Amurka Taft ya ɗauko shi ya zama mataimakin babban lauyan gwamnati. Wallahi duk sanda na karanta wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Hoton Lewis tsoho ne ya dushe sosai, amma yaron shagon ya zauna a kwamfuta ya gyara har idanu suka fito tas, rubutun ƙasa ma ya yi min da Faransanci da Hausa babu kuskure. Katakon mai kauri ne, ba irin wanda zafin Garwa ke lanƙwasawa ba.

Inda ya ɓata min rai, ya ga na ce ƙwallo sai ya manna balo zagayayye a gefe don ado, alhali tasu ta Amurka kamar ƙwai take, a hannu ake runguma a ruga. Na nuna masa ya ce "Baba ka yi haƙuri ban sani ba", ya sake bugawa bai karɓi ko dala ba. Amma kwana biyun da ya ce sun zama biyar, rashin wuta ma ya taimaka.

Sefa 7,000 na biya duka biyun. Jiya wani yarona ya tsaya gaban hoton ya daɗe, ya juyo ya ce Malam wai da gaske lauya ne kuma ɗan balo?