Littafin Yuklid na 1482 da na Apian na 1540

Mai sha'awar tsofaffin littattafan kimiyya yakan tsaya tsakanin waɗannan biyu. Erhard Ratdolt ya buga littafin lissafin siffofi na Yuklid, masanin lissafi na tsohuwar Girka, a birnin Benis na Italiya a 1482 da harshen Latin, daga fassarar da asalinta Larabci ne, kuma shi ne bugu na farko. Ya bar gefen kowane shafi da faɗi ya jera zane-zanen da'ira da kusurwoyi a wurin, ba launi, amma kowace hujja tana nan daram har yau.

Na Peter Apian kuwa, littafin ilmin taurari da aka buga a garin Ingolstadt na Jamus domin Charles na Biyar, sarkin Daular Roma Mai Tsarki, kayan aiki ne a siffar littafi. A shafukansa akwai faifan takarda masu launi, wani a kan wani, waɗanda mai karatu yake juyawa, ya ja zaren siliki ya gano matsayin wata da lokacin husufi. Sai dai ya ɗora komai a kan cewa duniya ce cibiyar da rana, wata da taurari suke zagayawa, ra'ayin da littafin masanin taurari Copernicus ya ƙalubalanta a 1543. A ganina, na Apian ya fi ƙayatarwa, amma faifan nan na lalacewa da sauƙi, shi ya sa cikakken kwafi yake da wuyar samu.