Sharhi a kan shayin rooibos: ganyen ya burge ni, mai sayarwa ya ɓata min rai

Saboda mahaifiyata na fara sayen shayin rooibos, domin likita ya shawarce ta da ta rage duk abin da ke ɗauke da sinadarin kafeyin, wato kofi da goro da baƙin shayin da muka saba, ita kuwa ba ta jin daɗin kwanciya sai ta kurɓi abu mai zafi bayan sallar isha'i. Rooibos ba dangin ganyen shayi ba ne ko kaɗan. Wani tsiro ne daga dangin wake da ake nomawa a Afirka ta Kudu, a yankin tsaunukan Cederberg da kewayen garin Clanwilliam, mai siraran ganye kamar allura, waɗanda ake yankawa, a murje, a jiƙa, a tara su har launinsu ya koma ja, sannan a shanya a rana. Tun asalinsa ba shi da kafeyin, ba cire masa aka yi a masana'anta ba, kuma wannan ne ya sa hankalina ya kwanta da shi.

Kwalin farko ya ba ni mamaki matuƙa. Ana iya barin ganyen ya daɗe a cikin filas, a zo a tarar launin ya ƙara ja amma babu ɗacin nan mai maƙale harshe da baƙin shayi yake yi idan ya wuce lokaci, sai ma wani ɗan zaƙi-zaƙi nasa na kansa. Ina dafa mata shi da citta da kanumfari, ta zuba madara kaɗan ba tare da sukari ba, ta sha ta yi barcinta lafiya.

Matsalar ta zo ne a saye na biyu. Mai sayarwar, wanda nake yi wa magana ta waya ya aiko da kaya gida, ya ce irin na farko ya ƙare, amma akwai wani. Na tambaye shi ƙarara ko shi ma babu kafeyin, na kuma faɗa masa dalili, sai ya ce, "Hajiya, duk ɗaya ne, kwalin ne kawai ya bambanta." A daren da Mama ta sha shi, idonta biyu har aka kira sallar asuba, tana kukan ƙirjinta na bugawa, ta wuni washegari jiki duk a mace. Da muka juya bayan kwalin, sai ga shi an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa haɗi ne na rooibos da koren ganyen shayi, shi kuwa wannan yana da kafeyin. Akwai koren rooibos wanda ba a bari ya yi ja ba, shi ma babu kafeyin a cikinsa, amma ba shi ne a kwalin nan ba.

Da na kira shi, amsar da ya ba ni ita ce ai an rubuta rooibos a gaban kwali, kuma ba ya karɓar kayan da aka buɗe. Ko haƙuri bai ba ni ba, alhali lafiyar tsohuwa ce aka taɓa. Tun shekarar 2021 Tarayyar Turai ta ba sunan rooibos kariya, ta yadda sai wanda aka noma a yankinsa na Afirka ta Kudu ne zai amsa sunan a kasuwanninta, amma wannan bai hana ɗan kasuwa a nan ya miƙa wa mutum haɗi ya ce zalla ne ba.

Tun daga lokacin har shayin kansa na fara gani da wani ido. Kuɗinsa ya yi yawa idan aka kwatanta da ganyen da ke kowane shago, kuma maigidana, wanda ya saba da shayi mai kauri da safe, ya ce bai ji ƙarfinsa ba sam. Mama dai ta nemi a dawo mata da irin na farko, don haka zan ci gaba da saye, amma da ƙafata zan je kanti in karanta bayan kwali, kuma wancan mutumin na goge lambarsa daga wayata.