Hattara da masu sayar da “gyararriyar” monita da suka kunna ta tun kafin ka iso

Jama'a, duk mai niyyar sayen monitar kwamfuta da aka ce an sabunta ta, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya zaro kuɗinsa. Akwai masu ha'inci da ke ɗauko tsohuwar monita mai ciwo a ciki, su goge ta da tsumma, su naɗe ta a leda, su manna mata sitika, shi ke nan wai ta zama gyararriya. A ido tana sheƙi, kyan ɗan maciji. Bayan sati biyu ta fara ƙyafta ido, mai kaya kuma ya ce ai lafiya lau ka ɗauke ta.

Ba cewa muke yi gyararriyar monita duk ƙarya ce ba. Kamfanoni irin su Dell da HP suna sayar da kayan da aka dawo musu bayan sun gwada su, da garanti a rubuce, kuma ana samun sauƙin farashi na gaske. Matsalar ita ce kalmar “an sabunta” kowa na iya furta ta. Haka ma harafin A ko B da ake maƙala wa kaya: kowane ɗan kasuwa da ma'auninsa, kuma galibi yana magana ne a kan ƙarzuwar jikin roba. Bai ce komai a kan lafiyar gilashin allon ko ɓangaren wuta ba.

Babbar dabararsu ita ce su kunna monitar tun kafin ka zo. A cikin ɓangaren wutar monita akwai wasu 'yan gwangwanaye da ake kira kafasita. Idan suka tsufa, ruwan cikinsu yana bushewa, wani lokaci har kansu ya kumbura. Kafasitar da ta gaji ta fi gazawa idan tana sanyi, idan ta ɗumama sai ta ɗan farfaɗo. Shi ya sa monita mai wannan ciwon, da safe ka danna ta, ƙaramar fitilar gaba ta yi ta ƙyaftawa minti biyar ko goma kafin hoto ya fito, amma da zarar ta kama sai ta wuni tana aiki kamar ba ita ba. Mai kaya ya san haka sarai. Don haka ka gaya masa tun a waya cewa a kashe kake so ka same ta. Idan ka isa, ɗora bayan hannunka a kan ramukan iska na bayanta. Idan da ɗumi, an kunna ta. A zare wayar wuta, a bar ta ta huce, sannan a kunna a gabanka. Lafiyayyar monita tana nuna tambarin kamfani cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wadda hoto ya fito na daƙiƙa biyu sannan ta yi baƙi, haska ta da tocila daga kusa: idan ka hango hoton dishi-dishi, fitilar da ke haska allon daga baya ce ko abin da ke ba ta wuta ya lalace.

Akwai kuma ciwon da sai an ɗauki zafi yake bayyana, don haka kada ka biya kafin ta yi rabin awa a kunne. Siririn layi a tsaye ko a kwance, ko hoto ya riƙa rawa ko ya ninku biyu, yawanci daga siraran wayoyin da aka liƙa a gefen gilashin ne. Wasu masu gyara suna rufe wasu daga cikin haƙoran wayar da ɗan salatif don su danne matsalar. Kwaskwarima ce kawai, ciwon yana nan cikin gilashin, kuma yakan dawo. Wannan ne ya fi mu ciwo, domin gilashin shi ne mafi tsada a jikin monita. Kafasita ana canja ta da araha, amma canja gilashi kusan sayen wata monitar ne. Duba gefen robar: idan akwai tabon abin da aka sa aka ɓamɓare ta, tambayi me aka canja. Mai gaskiya zai faɗa maka kai tsaye.

Dabara ta biyu: a sa maka bidiyo mai launuka yana ta motsi, furanni da tsuntsaye. Motsi yana ɓoye aibi. Ka je da laftof ɗinka da kebul ɗinka, da hotuna shida masu launi ɗaya tak da za su cika allon: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi da ruwan toka. Allo mai 1920 da 1080, wato yawan ɗigon faɗi da na tsayi, yana da ɗigo 2,073,600, kowane ɗigo kuma kashi uku ne, ja da kore da shuɗi, shi ya sa ake bin launukan ɗaya bayan ɗaya. A kan fari za ka ga matattun ɗigo baƙaƙe, da rawaya-rawaya a gefuna idan fitila ta tsufa. A kan baƙi za ka ga ɗigon da ya maƙale yana haske, da hasken da ke yoyo daga kusurwa. Ka rage hasken ɗakin gwargwadon iko. Ruwan toka shi ne mai tona asiri: tabon inda aka danne gilashi, da inuwar tsohon rubutu da ta kama allon, musamman a monitar OLED, nau'in da kowane ɗigo ke ba da haskensa da kansa. Ɗigo ɗaya a can kusurwa ana iya zama da shi idan an rage kuɗi. A tsakiyar allo kuwa kullum idonka yana kansa.

Sai ƙaryar bayanai. Ana sayar da monita mai 1366 da 768 da sunan tana karɓar 1080. Karɓa kam tana karɓa, amma matse hoton take yi, rubutu ya fito a dusashe. Shiga saitin allo na Windows ka ga adadin da kwamfutar ta ba da shawara, shi ne na asali. A nan ne kuma za ka ga ko 144Hz ɗin da aka yi maka talla, wato sau nawa allon ke sabunta hoto a daƙiƙa, akwai shi, ko 60 ce kawai. Idan 4K ce, wato mai 3840 da 2160, ka sani kafar kebul ta HDMI 1.4 ba ta wuce 30Hz a wannan girman, sai HDMI 2.0 ko DisplayPort 1.2 ne ke kai 60. Wanda ya ce maka allon IPS ne, wato nau'in da launinsa ba ya canjawa sosai ko ta ina aka kalle shi, durƙusa ka kalle shi daga ƙasa: idan launuka suka yi duhu ko suka juye, TN ne, nau'in da bai kai IPS ba a wannan fanni. Kowace kafar kebul a gwada ta, kada a tsaya a guda ɗaya.

Shekarunta ma ana ɓoyewa, don sitikar baya ana iya cire ta a manna wata. Amma monita tana gaya wa kwamfuta sunanta da sati da shekarar da aka ƙera ta, ta cikin bayanan da ake kira EDID. Manhaja irin su Monitor Asset Manager ko AIDA64 na karanto su. Idan abin da ke ciki ya saɓa da na sitika, bar wurin. Wasu monitocin suna nuna awannin da suka yi aiki. Takardun masu ƙera gilashi sukan ba fitilar LED kimanin awa 30,000 kafin haskenta ya ragu da rabi. Monitar ofis mai awa takwas a rana, kwana biyar a sati, tana cin kusan 2,000 a shekara. Wadda ba a kashe ta, kamar ta ɗakin kyamarorin tsaro, tana cin 8,760, wato cikin shekara huɗu ta wuce iyaka. Sai dai ana iya mayar da lissafin awannin da monitar ke nunawa sifili, don haka tsohuwar monita mai nuna awa goma abin tuhuma ce.

A intanet kuwa, ba a cinikin biri a sama. Hoton kamfani da aka kwafo ba shaida ba ne. Ka nemi bidiyo guda ba yanka, da zai nuna lambar siriyal, da kunnawa daga kashe, da farin allo, tare da takarda mai kwanan watan ranar da aka rubuta da hannu. Wanda ya ce a turo kafin alƙalami don wani ma yana so, ko a bar manhajar kasuwar a biya shi ta gefe, kariyarka yake son ya raba ka da ita.

Kafin ka ce ka samu araha, haɗa lissafin duka. Da ƙafarta ta zo? Idan babu, akwai ramukan VESA a baya, wato ramukan kusa na ɗaura ta a bango ko a wata ƙafar, masu tazarar milimita 75 ko 100? Adaftar ta asali ce, kuma bolt ɗin da ke jikinta, wato ƙarfin wutar, 12 ko 14 ko 19, ya yi daidai da wanda aka rubuta a bayan monitar? Sabuwar monita takan zo da garantin shekara ɗaya zuwa uku, gyararriya sau da yawa kwana 90 ne. A ganinmu, idan ragin bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, sabuwa ta fi. Idan ragin ya yi yawa kuma ka ga za ka ɗauka, sai a rubuta maka rasit mai lambar siriyal ɗin monitar, da adadin kwanakin da za ka iya dawo da ita, da kuma cewa kuɗinka za a mayar maka, ba canji da wata irinta ba.